Katin Lamba Ɗari Biyu da Bakwai

Ni dai gyaran rediyo na koya, gara in faɗa tun farko. Shekara tara ina zaune a wata rumfa a bakin kasuwar Gusau ina narka dalma, har ranar da Alhaji Labbo, shugaban Ƙungiyar Numfashi mai rabon maganin tarin fuka kyauta, ya kawo mini rediyonsa na gyara. Nan take ya yanke a ransa cewa wanda ya iya rediyo ya iya kwamfuta, tunda duka da wuta suke aiki. Haka na wayi gari ana kira na Injiniya Mannir, alhali ban taɓa ɗora yatsa a kan kwamfuta ba.

Kwamfutocin ƙungiyar uku ne, ɗaya a ofishinmu na Gusau, ɗaya a Tsafe hannun Malama Luba, ɗaya a Bungudu hannun Malam Jibo. Kowacce tana ɗauke da kundin marasa lafiyarmu gaba ɗaya: suna, lambar kati, gari, da watan da mutum yake ciki a watannin shan magani. Kullum bayan la'asar ta Tsafe da ta Bungudu za su kira ta Gusau ta wayar tarho, a yi ta ƙara da tsuwa na wani lokaci, kowacce ta gaya wa 'yan'uwanta abin da aka rubuta mata a ranar. Ƙarshen wata sai ta Gusau ta buga takardar sunaye, motar magani ta fita da kwali ɗaya ga kowane suna. Wanda ba ya cikin takardar ba shi da kwali, ko da kuwa yana tari a bakin ƙofar ofis.

Wanda ya haɗa su, wani Injiniya Mubarak daga Zariya, sati uku ya yi yana koya mini, sannan ya tafi ƙaro ilimi ƙasar waje. Abin da ya bar mini ɗan littafi ne mai shafi goma sha huɗu da ya rubuta da hannunsa. Na haddace shi tsaf, amma ba zan ce na gane shi ba.

Ranar uku ga Agusta, 1998, aka yi ruwa da tsawa da hantsi. Aradu ta bi ta wayar tarho ta shigo ofishinmu, ta ƙona wayar, ta ƙona akwatin da ke ba kwamfutar Gusau wuta. Kwana goma sha tara muka yi muna jiran kayan gyara daga Kano. A duk kwanakin nan Luba da Jibo ba su fasa aiki ba, kowa yana rubutu a tasa, ba kwamfutar da ta san abin da 'yar'uwarta take ciki, domin a ta Gusau kaɗai suke haɗuwa.

Da kayan suka iso na sa su, na kunna, ta tashi lafiya lau. Na ji daɗi har na yi tafi ni kaɗai. Sai da na duba na ga ita a wurinta har yanzu uku ga wata ake, duk abin da ya faru bayan tsawar nan ba ta da labarinsa. Na buɗe littafin Mubarak, shafi na goma sha ɗaya. Ga abin da ya ce: idan ɗaya ta mutu ta dawo, kada ka bar ta ta fara magana. Ka share ta, ka cika ta daga sauran biyun.

Na kai wa Alhaji Labbo maganar. Ya sauke tabarau ya dube ni.

"Mi kac ce? A share ta Gusau?"

"Haka littafin ya ce, Alhaji."

"Hedkwata? A share hedkwata a ciko ta daga Bungudu? Mannir, ta Gusau ita ce babba. Ita anka hwara saye, ni da kaina na ɗauko ta."

Na yi ƙoƙarin bayyana masa cewa Mubarak ya ce ukun nan babu babba babu ƙarama, wadda ta fi sanin abin da ya faru jiya ita ake bi. Ina cikin bayanin ni kaina na fara shakka, domin wadda aka fara saye ai ya kamata a ce tana da wani abu. Muka yi kusan awa ɗaya a kai. Daga ƙarshe muka yi sulhu irin na mutanen da ba su san abin da suke yi ba: ba za a share ta ba, za a bar ta da abinta, amma ta saurari ƙannenta. Littafin ya yarda da haka a shafi na goma sha biyu, sai dai ya ja layi biyu a ƙarƙashin wata jimla, cewa idan an sami saɓani za ta tsaya ta tambaye ka, kuma amsar da ka ba ta ita ce za ta shafe sauran a duka ukun.

Tunda wayar ba a gyara ta ba, direbanmu ya je ya karɓo kundin Tsafe da na Bungudu a kan faifai. Ranar Talata da safe na tayar da janareta, na fara zura mata faifan ɗaya bayan ɗaya. Sunaye suka riƙa wucewa. Awa shida tana haɗa su, ɗari huɗu da goma sha ɗaya sun zauna daidai, ina cewa an gama. Sai ta tsaya cak a kan lamba ɗari biyu da bakwai.

Bungudu ta ce: Zuwaira Bashar, Kekun Waje, an yi mata gwaji, an ba ta kati ranar huɗu ga wata, ta karɓi maganin sati ɗaya ba ta sake dawowa ba, kada a aika kwali. Tsafe ta ce: Asabe Sani, 'Yandoto, tana da tsohon ciki, tana shan magani kullum tun goma sha ɗaya ga wata, a aika kwali. Gusau kuwa ta ce ita ba ta san wannan lamba ba sam. A ƙasa aka rubuta mini haruffa uku, G, T, B, in danna ɗaya.

Na zauna ina kallon su. In na danna B, matar 'Yandoto ba ta da magani, kuma wanda ya katse maganin nan a tsakiya ciwon yakan dawo masa da ƙarfin da ya fi na da. In na danna T, kuma ya zamana mata biyu ne, na shafe wadda aka yi wa gwaji na ba wata maganin da ba a san ko nata ba ne. Aron kati ba sabon abu ba ne a wurinmu, mutum ya ji sauƙi ya miƙa wa ɗan'uwansa mai tari. In na danna G kuwa, lambar ta ɓace duka, kamar ba a taɓa haihuwar ko ɗaya cikinsu ba. Buɗe sabon kati kuma sai an sake gwajin majina, sati biyu ke nan a ƙalla. Ga shi kwamfutar ta ƙi buga takardar sauran mutum ɗari huɗu da goma sha ɗaya sai na amsa mata, motar magani kuma Alhamis da sassafe take fita.

Alhaji ya leƙo ta bayana ya karanta. Shi abin bai ba shi wahala ba ko kaɗan.

"Ka gani ko? Ƙanana sun yi gardama, sai a koma wurin babba. Abin da Gusau ba ta sani ba, babu shi. Danna G."

Raina ya ɓaci, na ce masa akwai mutum a bayan lambar nan, wataƙila ma biyu. Ya ɗan sassauta, domin ba mugu ba ne, taurin kai ne kawai yake damunsa. Ya ce ya ba ni zuwa gobe Laraba ƙarfe huɗu. In na tabbatar mace ɗaya ce, in danna T. Amma da sharaɗi.

"Kada ka sa musu sunan a baki. Mai neman magani, ko Fir'auna kac ce sunanshi, cewa zai yi awo, shi ne. Su hwaɗa da kansu. In huɗu ta yi ba ka dawo ba, ni ka danna G da hannuna."

Na ja masa kunne kada a kashe janareta, in ba haka ba sai an sake awa shidan nan daga farko. Na rufe kwamfutar da zane saboda ƙura, na bar mata haruffanta uku suna jira.

Washegari da sassafe na hau babur ɗin ofis na nufi Bungudu. Jibo mutum ne mai tsabtar aiki da ƙarancin haƙuri. Tun kafin in gama ya ce katin daga hannunsa ya fita, lambobin ɗari biyu duk na Bungudu ne, kuma shi ya riga ya gane abin da ya faru.

"Ta sha sati guda tat ji dama, tab ba wata. Ni na san halinsu. Luba ko duk wanda yaz zo mata da hawaye rubuta shi takai."

Na tambaye shi ko Zuwairar tana da ciki. Ya dube ni kamar na zage shi. Ya ce matar mutane ce ta zo a lulluɓe, shi tari aka ce ya rubuta, ba shi da hurumin kallon cikinta.

Na wuce Kekun Waje a cikin taɓo, sau biyu ina sauka ina tura babur. Mijin Zuwairar, Bashar, ya tafi Ikko da motar shanu. Na sami mahaifinsa a zaure yana gyaran ƙotar fartanya. Bayan gaisuwa na tambayi surukarsa, ya ce ta tafi gida goyon ciki, haihuwar fari ce. Zuciyata ta yi sanyi, na ce a raina shi ke nan, ciki ya fito. Na ce, "Gida 'Yandoto ke nan, Baba?"

"Wace 'Yandoto? Mada. Can anka ɗaura aure, ni da kaina na tahi. Gidan baffanta."

Na ce ya san wata Asabe? Ya ce ya san Asabe har uku, ɗaya ta rasu, biyu suna nan cikin gari, wacce nake so? Na ce ya sunan mahaifin yarinyar? Ya ce ya rasu tun tana ƙarama, shi bai riske shi ba, Malam kawai ya ji ana ce masa.

Na fito na tsaya a gindin wata bishiya ina lissafi da yatsu. Mai ciki a Mada, mai ciki a 'Yandoto, kati ɗaya. Ko mace ɗaya ce mai gida biyu, ko mata biyu ne masu ciki biyu, ko kuma ni ne kaina ya juye. Rana ta riga ta ɗaga. Ba zan iya zuwa Mada in je 'Yandoto in dawo Gusau kafin huɗu ba, sai na zaɓi inda na san akwai mai shan magani. Na ratsa Gusau ban ko kalli ofis ba, don kada in ga Alhaji a ƙofa.

Na isa Tsafe ana kiran azahar. Luba ta ba ni nata labarin tana ɗaura gyale. Wata dattijuwa ce ta zo da katin, ruwan sama ya jiƙa shi, tawadar sunan ta narke, sai lambar kaɗai ta rage domin ita da hatimi ake buga ta. Ta sa lambar a kwamfutarta, kwamfutar ta ce ba ta san ta ba. Ta tambayi sunan mai katin, dattijuwar ta ce Asabe ake ce mata, uban kuma Sani. Luba ta bi ta har gida ta ga yarinyar da idonta, tana tari, ciki ya tsufa, sai ta riƙa ba su daga ɗan abin da take ajiyewa.

"Kuma ajiyar tawa jibi Juma'a taka ƙarewa," in ji ta. "Jibo shi ce abin da ya ga dama. Ni dai na ga mai ciwo."

Ta hau kabu-kabu, na bi bayanta. Gidan yana can ƙarshen 'Yandoto, dangar kara da ɗaki biyu, gero ya kewaye shi har ya fi dangar tsawo. Tun daga nesa muka ga mata biyu suna shiga da itace, hayaƙi yana tashi. Naƙuda ta kama yarinyar tun safe. Ungozoma ta tare ƙofar ɗaki ta ce ko Luba ba za ta shiga ba, balle a je ana yi wa mai naƙuda tambayar ofis.

Na tambayi maƙwabtan da ke waje sunan yarinyar. Duk suka ce Asabe, a gabansu ta girma, tun da uwarta ta dawo da ita gari tana goye. Na ce ba ta da wani suna? Suka ce ai kowa yana da sunan yanka, amma nata ba a nan aka yanka ba. Na duba agogo, uku saura kwata. Daga nan zuwa Gusau a kan wannan babur ɗin, in an yi sa'a, minti hamsin.

Luba ta fito da uwar, Inna Rabi, 'yar siririyar dattijuwa, hannunta duk toka. Ta durƙusa daga gefen danga muka gaisa. Ta miƙo mini wani ƙaramin kwano da ba a tambaye ta ba. Bawon maganin ne a ciki, duk wanda aka ɓare ta ajiye, ta jera su bisa kwanaki. Na ƙirga, ba ranar da aka tsallake, har da satin farko.

Na ce, "Inna, abu ɗaya nake so. Sunan 'yarki na yanka."

Ta sunkuyar da kai. "Asabe muka ce mata."

"Na ji. Na yankan nake nufi, wanda aka raɗa mata."

Ta kama murza bakin zaninta. Na sake tambaya, ta sake cewa Asabe. Na fara tunanin Jibo ne mai gaskiya, katin aro ne, ba ta san sunan da ke kansa ba. Har na buɗe baki zan yi faɗa, Luba ta matso ta yi ƙasa da murya.

"Injiniya, ɗiyar fari ce fa. Ita ɗai gare ta."

Sai a lokacin abin ya faɗo mini, kuma na ji kunyar kaina ƙwarai. Ni ma ɗan fari ne. Har mahaifiyata ta koma ga Allah ban taɓa jin Mannir a bakinta ba, "wannan" take ce mini, ko "mai rediyo". Na san wannan tun ina yaro, amma tun safe ina yawo gari-gari ban tuna ba, ina ta zargin tsawa da Jibo da Luba. Matar nan ba ɓoye komai take yi ba. Shekara goma sha tara ke nan ba ta furta sunan ba, ga ni na zo daga Gusau a kan babur ina so ta furta shi a gaban maƙwabta.

Sunan yana kan harshena. Da na faɗe shi ta gyaɗa kai, da an gama, kuma Alhaji ba zai taɓa sani ba. Amma ni zan sani, kuma in akwai wata Zuwaira a Mada tana tari, da hannuna zan shafe ta. Na durƙusa ni ma, na ajiye kwanon a tsakaninmu.

Na ce, "Inna, ki gafarce ni. Na san abin da nake roƙo. Akwai wani akwati a Gusau, shi ke rubuta wanda za a kawo wa magani. An ba shi suna biyu a kan katin nan, ya rikice, ni ma na rikice. In ban koma masa da sunan gaskiya kafin la'asar ba, ba za a kawo na watan gobe ba. Kuma an hana ni in faɗa miki, sai dai ke ki faɗa."

"Akwatin ba shi da uwa?" ta tambaya, ba da wasa ba.

"Ba shi da ita, Inna."

Matan da ke tsaye suka juya baya, ɗaya ta kama gyara itacen da ba ya buƙatar gyara. Luba ma ta kau da kai. Daga cikin ɗakin ba a jin komai sai muryar ungozoma ƙasa-ƙasa, da tari sau ɗaya. Agogona ya nuna uku da minti biyar.

Inna Rabi ta miƙe. Ba ni ta fuskanta ba, ta juya wajen ƙofar ɗakin, ta ja mayafinta ta rufe rabin fuska. Muryar ta fito a shaƙe, kamar ta wanda ya daɗe bai yi magana ba.

"Zuwaira."

Sai daga cikin ɗakin wata murya ta amsa, a gajiye, da mamaki a cikinta.

"Na'am, Inna?"

Kafaɗun dattijuwar suka fara rawa, ta ƙarasa rufe fuskar duka. Ni ma idona ya cika, na rasa inda zan sa shi, sai na sunkuya ina jera bawon maganin da yake a jere tun da. Luba ta taɓa agogon hannunta ta nuna mini hanya da haɓa.

Na miƙe na ce Allah ya sauke ta lafiya. Har na kama kan babur, Inna Rabi ta yi magana daga cikin mayafin, ba ta juyo ba.

"Ka dai jiya da kunnenka. To tahi ka gaya ma akwatin, don ni ba ni sake hwaɗi."